Ganye Ɗaya a Gwangwanin Baba

Gwaggo mai filin shawara,

Ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata take raya mini, domin na san halina, idan na ƙulla abu ba ya kwana biyu ban yi shi ba. Amma kafin in fara ina roƙon arziki ɗaya: kada ki ce mini fure ne kawai. Na ji wannan maganar daga maƙwabta, na ji daga abokan aiki, na ji har daga mai shagon bakin layinmu wanda ko barkono bai taɓa rayawa a gwangwani ba. Idan ke ma ita za ki faɗa, ki yaga wasiƙar nan ki hura wuta da ita, na yafe.

Shekarata ashirin da shida. Ina aiki a wata maɗaba'a, ɓangaren ɗinkin littafi da sa bango. A aji uku na sakandare na tsaya, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Sauran karatuna da kaina na yi shi, daga takardun da inji ya ɓata ake zubarwa, da wani ƙamus mai cirarren bango da na tsinta na ɗinke da hannuna. Yau akwai masu digiri da suke kawo mana aiki in nuna musu kuskure a shafinsu na farko, su yi ta sosa ƙeya. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba.

Shekara biyar da suka wuce wata tsohuwar malamar makaranta ta kawo littafin shuke-shuken cikin ɗaki a sabunta masa bango. Aikin kwana uku ne, na riƙe shi mako biyu saboda ina karantawa. Da ta zo karɓa na tsare ta da tambayoyi har ta gaji da tsayuwa ta nemi kujera. Washegari sai ga ta da ganye ɗaya a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ganye ɗaya tak, Gwaggo. Ta ce sunan shukar bayolet ta Afirka, in na raya shi in zo in ba ta labari.

Wataƙila ba ki san ta ba. Ƙaramar shuka ce, faɗinta bai wuce faranti ba, ganyenta mai kauri da gashi-gashi kamar karan-miski, furenta kuma yana fitowa a tsakiya, wani shuɗi, wani fari, wani ruwan hoda. Asalinta ƙarƙashin inuwar itatuwa ne a kan duwatsu, shi ya sa halinta ya saɓa wa duk abin da manomi ya sani. Tana son haske, ba ta son rana ta taɓa ta. Tana son danshi, amma in ruwan sanyi ya zuba a kan ganyenta sai ya yi tabo kamar ƙuna, in ya kwanta a tsakiyarta ta ruɓe. Ta fi son tukunya ƙarama wadda ta matse ta, in ka ba ta babba sai ta yi fushi ta ƙi fure. Ƙasa mai nauyi kuwa kabarinta ce.

Daga wancan ganye ɗaya na kai tukunya sittin da huɗu, iri talatin da ɗaya. Ban sayi ko ɗaya a shago ba. Muna da zaure a waya na masu kiwonta, muna musayar ganye, a sa a kwalin magani a ba direba. Kantocin da tukwanen suke kai, ni na haɗa su da katakon da ake ɗauro takarda da shi. Tukwanen robar yogot ne da na huda. Ruwa ta ƙasa suke sha, ta lagwanin da na yi da zaren ɗinkin littafi, kuma ruwan sai ya kwana a ɗaki ya huce sanyinsa. Ƙurar ganye da sabon burushin gam nake share ta, ɗaya bayan ɗaya. Kowace tukunya da katinta: sunan iri, ranar dashe, daga hannun wa ta fito. In kika shigo ɗakina da hantsi, haske ya ratso farin labulen taga ya sauka a kansu, wallahi ba za ki so ki fita ba. Akwai likita a zaurenmu da yake kirana malam, yana turo mini hoton ganyensa in gaya masa ciwon da ke damunsa.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ga asalin maganar.

Shekara uku ke nan na ɗauki garin da ke tsakiyar wani fure da tsinke na shafa wa wani, irin auren da littafi ya koya mini. Na jira wata biyar ƙwanso ya nuna. Irin da ke ciki ya fi garin kwalli laushi, ko numfashi ka yi da ƙarfi ya tafi. Na shuka, arba'in da wani abu suka tsiro, na yi renonsu kusan shekara. Duk suka fito gama-gari sai guda ɗaya. Furenta fari ne sol, gefensa a tattare, an zizara masa shuɗi mai duhu kamar an sa wa amarya kwalli. Bayan ganyenta ja ne, bakinsa yana da lanƙwasa. Na duba duk hotunan da zan iya samu, na tambayi tsofaffin hannu a zaure, ba wanda ya taɓa ganin irinta. Tawa ce, a ɗakina aka haife ta.

To masu wannan kiwo suna da ƙa'ida. Ba ka raɗa wa sabon iri suna sai ka ɗebi ganyensa ka dasa, 'yar ta yi fure iri ɗaya da uwar, ka sake ɗiba daga 'yar, jikar ma ta fito haka. Hawa uku ke nan. In ta riƙe kamanninta har hawa na uku, ta tabbata iri, kai kuma ka cancanci sa mata suna. Ina da uwar, ina da 'ya'ya biyu da suka yi fure sak ita. Saura hawa ɗaya ya rage mini. Na ajiye su ukun a kanta ta sama, katinsu ba suna sai lamba.

Yanzu bari in kawo miki Baba. Mahaifina shekara arba'in ya yi yana lambu a bakin rafi: albasa, latas, kabeji, karas. A kasuwar 'yan gwari Sarkin Lambu suke kiransa, kuma ba zolaya ba ce, in ya taɓa ƙasa ya murza zai gaya maka abin da za ta karɓa. Shekara shida ke nan mai filin ya sayar aka yi gidaje a wurin, ga gwiwa ta matsa masa, sai ya dawo zaman gida. Tun da na fara kiwon nan bai taɓa yaba mini ba. In ya wuce ƙofata sai ya leƙo ya ce Malam Takarda, yaushe za a fara girbi? Ko ya tambayi Mama wai shukar da ba ta shiga tukunya me ake nema a wurinta. Ni kuma ba na barin ta kwana, ina mayar masa cewa ba komai ne na ciki ba. Haka muke, kullum ana ɗan taɓawa. Mama takan ce jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Wata biyu da suka wuce maigidana ya tura ni wani gari aikin kwana goma sha biyu, gyaran littattafan ɗakin karatun wata makaranta. Ban tafi da ka ba. Kwana huɗu na yi ina koya wa Mama yadda ake cika ruwa ta ƙasa, har ta iya. Sannan na rubuta shafi uku da rubutu mai kyau, doka bayan doka, na manna a bayan ƙofa. Layin farko da manyan baƙaƙe: kada a fitar da su rana. Na biyu: kada a zuba ruwa ta sama. Me ya rage ban yi ba?

Kwana biyu da tafiyata yayata ta haihu kafin lokaci, Mama ta tattara ta tafi jinya. Ta bar wa Baba mabuɗi ta ce ya riƙa duba ruwan kawai.

Gwaggo, ranar da na dawo da azahar, tun daga bakin ƙofar gida na hango su. A tsakar gida. A jere reras kamar fangalin albasa, cikin tsakiyar rana. Baba ya ce wa Mama daga baya wai da ya shiga ya ga an kulle shuka a ɗaki kamar fursuna, ganye duk ƙura, saiwa ta cika 'yar roba har tana leƙowa, sai tausayi ya kama shi. Ya nemo bokitan fenti ya huda, ya sa aka kawo masa taki da jar ƙasa, ya juye su ciki uku-uku. Ya wanke ganyen tas da ruwan randa mai sanyi, safe da yamma yana yi musu feshi da butar lambunsa. Lagwanin ya cire ya zubar, wai tsumma ne ya toshe musu ƙasa. Katunan kuwa, da suka jiƙe suka yi laushi, ya share su da shara. Sunaye talatin da ɗaya, tarihin shekara biyar, a bola.

Ganyen sun ƙone sun yi ruwan ƙasa, tsakiyarsu ta narke kamar dafaffen alayyafo. Na nemi ukun nan nawa na kanta ta sama, na same su a bokiti ɗaya. Da na taɓa uwar sai kanta ya biyo hannuna.

Baba yana zaune a kan tabarma a inuwa, Mama ta dawo ranar da safe, ga wata maƙwabciya ta shigo barka. A gabansu na faɗi abin da na faɗa. Ba zan ƙawata miki ba. Na ɓanɓaro takardar daga ƙofa na ɗaga ta, na ce ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro, wannan ba albasa ba ce, shukar masu karatu ce, wanda bai iya karatu ba ya bar abin da ya fi ƙarfinsa. Baba ba ya karanta boko, ko takardar asibiti Mama ce take duba masa. Na sani. Saboda na sani ne ma na faɗa, don ina so ya ji zafin da nake ji.

Ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki.

Na ceto abin da zan iya. Sha tara suka rayu, su ma ban san wace ce wace ba sai sun yi fure. Daga nawa ukun na yanki ganye bakwai masu ɗan sauran rai, na dasa su yadda littafi ya ce, na rufe da leda, ina dubawa sau biyar a yini. Duk bakwai suka ruɓe. Ranar da na zubar da na ƙarshe ban je aiki ba.

Mako bakwai ke nan. Ina gaida Baba da safe ya amsa da kalma ɗaya. Ya daina ce mini Malam Takarda. Ban taɓa zaton zan yi kewar sunan da nake jin haushinsa ba, amma wannan wata magana ce. Kuma har yau bai ce mini ya yi kuskure ba. Waya tana aljihunsa duk kwanakin nan, kira ɗaya da ya yi da duk haka ba ta faru ba. Don girman Allah wa ya kamata ya fara ba wani haƙuri?

Shekaranjiya Mama ta ja ni gefe ta ce in je bayan randa in gani, amma kada in ce ita ta faɗa. A lungun da randa take, inda ƙasa ba ta bushewa kuma rana ba ta kaiwa, akwai gwangwanin madara an huda shi da ƙusa, an kifa masa kofin gilashi. Ciki yashi ne da dakakken gawayi. A tsakiya ganye ɗaya a tsaye, bayansa ja, bakinsa da lanƙwasa. A gindinsa 'ya'ya uku sun ɓullo, kowanne da kunnuwa kamar na ɗan ɓera. Ko cikin dubu zan gane ganyen nan. Mama ta ce tun kwana huɗu da fitar da su, da ya ga sun fara yaushi, ya yanke shi daga ɗaya cikin ƙananan biyu na kanta ta sama, ya dangwala bakin yankan a toka, ya bar shi ya sha iska, sannan ya kafa. Kullum bayan sallar asuba yana zuwa ya ɗaga kofin ya duba ya mayar.

Kin gane ko? Hawa na uku ke nan. Abin da na yi shekara uku ina jira yana cikin gwangwanin mutumin da ya kashe mini sauran, kuma a duniya babu wani ganyen irin nan sai shi. Nawa bakwai da littafi da leda sun mutu, nasa ɗaya da toka ya rayu. In na ce wannan bai ƙona mini rai ba na yi ƙarya.

Ga abin da nake shirin yi. Ranar Talata yana zuwa asibiti duba gwiwa. In ɗauke gwangwanin in kai ɗakina in sa kwaɗo, tunda ba sata ba ce mutum ya ɗauki kayansa. Akwai kuma ɗakin haya kusa da wurin aikinmu mai taga tana kallon gabas, na riga na je na gani. Tsorona kada gobe tausayi ya sake kama shi ya kai su rana, ko ya ɗura musu taki. Amma duk lokacin da na ƙudura sai wani abu ya riƙe mini ƙafa.

Abu na ƙarshe, wanda ko Mama ba ta sani ba. Sunan da na ajiye wa furen tun ranar da ya fara buɗewa shi ne Sarkin Lambu. Niyyata ranar da hawa na uku ya yi fure in ajiye masa tukunyar a gabansa da katin a jiki, in ce to ga girbin. Yanzu na fasa. Ina jin na fasa.

Ki gaya mini gaskiya, ina iya ɗauka. In ɗauke kayana in tafi, ko kuwa?

Naki,
Mai Ɗakin Fure

*

Ɗana Mai Ɗakin Fure,

Ba zan ce fure ne kawai ba. Wanda ya mayar da ganye ɗaya tukunya sittin da huɗu, ya haifar da irin da babu shi a da, da robar yogot da zaren ɗinki, ya yi abin a yaba masa, kuma na yaba. Asarar da ka yi asara ce ta gaske. Ka ce kana iya ɗaukar gaskiya, to gyara zama.

Mahaifinka ya yi kuskure. An ce ya duba ruwa, ya juye ɗaki gaba ɗaya bai tambayi mai shi ba. Garin neman gira aka rasa ido. Sai dai ka lura da irin kuskuren. Rago ba zai yi shi ba, mugu ma ba zai yi ba. Dattijo mai ciwon gwiwa ya huda bokitai, ya nemo taki, ya yi jigilar tukwane sittin zuwa tsakar gida, yana ban ruwa safe da yamma. Duk abin da shekara arba'in suka koya masa na kyautata wa shuka ya kwashe ya ba naka. Rashin sa'arsa ya gamu da shukar da take gudun abin da sauran suke so. Ka ce me ya hana shi kira? Sarkin Lambu ya buga waya ya tambayi ɗansa yadda ake ba shuka ruwa? Kai da ka yi mako bakwai kana jiran a fara ba ka haƙuri, ai ka fi kowa sanin abin da ya riƙe masa hannu.

Ka tambaye ni me ya rage ba ka yi ba. Ga shi: Mama ka koya mata da baki da hannu kwana huɗu. Baba, wanda ya fi kowa a gidan sanin saiwa da ƙasa, shekara biyar yana leƙo ƙofarka ba ka taɓa cewa ya shigo ya gani ba. Ka ɗauka wai yana leƙen ne don ya yi tsiya kawai? Mutumin da aka raba da lambunsa, a duk gidan wuri ɗaya ne ake da ɗanyen ganye, kuma a nan yake tsayawa kullum. Zolayar ita ce sallamarsa, kai kuma kana mayar masa da ƙofa. Da ka taɓa zaunar da shi sau ɗaya ka nuna masa abin da rana take yi wa ganyen nan, da shafi ukun ba su zama dole ba.

Maganar da ka faɗa kuwa ta fi ƙarfin laifinsa nesa ba kusa ba. Shi ya ɓata maka da niyyar gyara. Kai ka zaɓi inda ya fi ciwo ka soka da gangan, a gaban matarsa da baƙuwa. Kai da kanka ka san zafin a raina mutum don bai yi nisa a aji ba, shi ya sa ka buɗe wasiƙarka da labarin masu digiri. Karatun da ka sha wuya ka koya wa kanka, ba don ka doki mahaifinka da shi ka koya ba.

Kana jiran ya ce ya yi kuskure. Ɗana, ai ya faɗa, ba da harshen da kake saurare ba ne. Koma ka karanta wasiƙarka. Tun kafin ka dawo, tun kafin ka buɗe baki, ya gane ya yi ɓarna ya shiga neman abin da zai ceto. Cikin tukunya sittin da huɗu, ba ya karanta kati, hannunsa ya tafi kan wadda ta fi kowace daraja a wurinka. Ta yaya ya sani, in ba ya daɗe yana kallon inda idonka yake sauka ba? Ya kai ta inuwa, ya rufe ta, ya canja ƙasa: cikin kwana huɗu shukar ta koya masa abin da ke cikin shafukanka uku. Bayan ka faɗa masa abin da ka faɗa, da ya so da ya shure gwangwanin. Mako bakwai yana renonsa. Ban haƙurinsa ke nan, yana jira ne ya yi kyan gani kafin ya miƙa.

Saboda haka kada ka taɓa gwangwanin nan ranar Talata. Iri naka ne, reno nasa ne. In ka ɗauke a ɓoye ka gaya masa karo na biyu cewa hannunsa bai isa ba, kuma wannan karon ba lallai ya warke ba. Za ka sami furenka, ka riƙa kallonsa kai kaɗai a ɗakin haya. Tsoron da kake yi ma bai da tushe. Wanda ya ga abin da rana ta yi da idonsa ba zai sake ba, kuma kai ka fi ni sanin cewa 'ya'yan da suke kamar kunnen ɓera ba a raba su da uwa yanzu, sai sun yi ƙwari. Inda suke ya karɓe su. Furen ba ya gaggawa. Mahaifinka ne shekaru suke tafiya da shi.

Gobe bayan asuba, lokacin da yake ɗaga kofin, ka same shi a wurin. Ka durƙusa. Ka ambaci maganar da ka faɗa da sunanta, ka ce ka yi kuskure, ya yafe maka. Kada kalmar amma ta biyo baya, ko sau ɗaya, na san za ta yi ta yi maka ƙaiƙayi a harshe. Sannan ka gaya masa gaskiyar da ta fi ƙona maka rai: naka bakwai sun mutu, nasa ya rayu, kana so ya koya maka. Ka tafi da littafin rubutu da biro. Tokar wane itace, yashi nawa gawayi nawa, tsawon wane lokaci ganye yake shan iska. Ka rubuta a gabansa, ka karanta masa ya gyara maka. Bari ya ga iliminsa yana shiga takarda da hannun Malam Takarda. Kai mai ɗinkin littafi ne, in ka ci gaba da tambaya za ka tarar shekara arba'in ba sa ƙarewa a shafi uku.

Wataƙila ranar farko ya amsa da kalma ɗaya. Ka koma jibi. Ranar da ya sake tambayarka yaushe za a fara girbi, ka san an wuce wurin.

Sauran kuma mai sauƙi ne. Ka sanar a zaurenku abin da ya same ka, waɗanda ka taɓa ba ganye za su mayar maka, iri ba ya ɓata a hannun mai kyauta. Sha taran nan za su faɗi sunansu da kansu in sun yi fure. Ɗakin haya ka bar shi tukuna, in za ka tashi wata rana ka tashi da albarka, ba da fushi ba. Idan lokacin raba 'ya'yan ya yi ku raba tare, ɗaya ta zauna a bayan randa, don ka ga amfanin kada iri ya taru a hannu ɗaya.

Batun suna, ka rubuta ka fasa, sannan ka ce kana jin ka fasa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Da can kyauta ce za ka yi masa da ɗan gori a ciki. Yanzu haƙƙinsa ne: kai ka haifi irin, shi ya tsallakar da shi hawa na uku. In furen ya buɗe fari da kwallinsa, ka rubuta katin da mafi kyan rubutunka, ka kai masa, ka karanta masa da bakinka.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara wa Baba lafiyar gwiwa, ya raya 'yan ukun nan na cikin gwangwani.

Gwaggonka